Garba Lawal: Bahaushen da ya yi shekara shida a tsakiyar filin Holan

A wannan wata za mu ɗan ajiye alli mu leƙa filin ƙwallo, kuma da dalili.

Kwanan baya muka tambayi ɗalibanmu a nan Gadarif su faɗi sunan Bahaushe ɗaya da ya taɓa buga ƙwallo a Turai. Aji ya yi tsit. Yaran da ke iya jero 'yan wasan Hilal da Marrikh da Real Madrid ba tuntuɓe, har da lambar rigar kowa. Wani ma cewa ya yi, "Ustaz, ai mu namu noman riɗi ne." Aka yi dariya, amma mu maganar ta tsaya mana a rai.

To, ga Garba Lawal. An haife shi a Kaduna a 1974. Bayan ya ɗan taɓa wasa a kulob ɗin Esperance na Tunis, sai ya wuce Roda JC ta ƙasar Holan a 1996, a garin Kerkrade da ke bakin iyakar Jamus, garin da a da aka san shi da haƙar gawayi. Shekara shida ya yi a can, har 2002, kuma a cikin waɗannan shekaru Roda ta ɗauki kofin ƙasar sau biyu, a 1997 da 2000. Roda ba Ajax ba ce, ƙaramin kulob ne, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Ɗan wasan tsakiya ne, galibi ta hagu. Aikin nan ba ya da tafi. Kai ne za ka koma baya ka ƙwato ƙwallo, kai ne za ka kai wa na gaba, shi ya ci a ɗaga shi sama. Duk da haka masu horarwa suka yi ta canzawa a Nijeriya, shi kuwa ana ta kiransa: zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Kofin Duniya na 1998 da na 2002, da Kofin Afirka sau huɗu daga 2000 zuwa 2006.

Mu da muka kai shekara arba'in ba za mu manta da ranar 13 ga Yuni 1998 ba. Muna samari, mun cika gaban talabijin ɗaya a unguwa, Sifen tana gaba da ci 2 da 1. Garba ya kutsa ta hagu ya aiko ƙwallo ƙasa-ƙasa, mai tsaron gida Zubizarreta ya sa hannu ya tura ta cikin ragarsa. Minti kaɗan Sunday Oliseh ya ƙara ta uku. A daren nan har maƙwabtanmu da ba su jin ko "sannu" sun iya faɗin Garba.

Ba shi kaɗai ba ne. Ɗan garinsu Tijjani Babangida ya riga shi zuwa Roda, kuma a 1996 ya koma Ajax. Wasan Babangida ya burge wani Baturen Holan har ya raɗa wa ɗansa da aka haifa a 1998 suna Tijjani. Yaron nan shi ne Tijjani Reijnders, shi ma ɗan tsakiya, wanda ya bar AC Milan zuwa Manchester City a 2025. Ɗalibanmu sun san shi sarai. Ba su dai san inda sunan ya fito ba, alhali wasunsu in an fita fili ko sunan kakansu ba sa son a kira da ƙarfi, kada a ce musu Fallata.

Laifin ba na yaran ba ne. Mu ne ba mu ba su labarin ba. Mun dai rubuta sunayen biyu a kan allo, muka ce kowa ya je gida ya tambayi babansa ko kawunsa inda yake a ranar wasan Sifen, ya kawo mana amsa a rubuce, da Hausa.