A Ina Kaka Za Ta Kwana?

Yau da masu zana mana gidaje nake, da mu 'yan boko masu tafa musu.

Hutun da ya wuce a Zawaciki na yi shi, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wurin kawuna mai aiki a wata masana'antar fata a Challawa. Gidansa irin na rukunin gidajen zamanin nan ne: ɗaki biyu da falo, kicin kamar akurki, ƙofa tana kallon titi. Da tsufa ya kama kakarmu aka ɗauko ta daga ƙauye, sai aka rasa inda za a sa ta. A falo take kwana, baƙo na yin sallama sai a tashe ta ta naɗe tabarmarta. Samarin gidan kuwa a shagon maƙwabci suke raɓewa. To, don Allah wa aka zana wa wannan gida? Bature ne da matarsa da 'ya'ya biyu!

Shi gidan Bahaushe ba a gama gininsa, tare da masu shi yake girma. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe; tsohuwa ta zo, a tayar mata da ɗaki a tsakar gida. Zaure kuwa nan ne makarantar allo, nan ake zaman makoki, nan maƙwabta suke fito da tuwon dare su ci tare. Wanda ya cire zaure, zumuncin unguwa ya kashe, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san za a ce mini ai fili ya yi tsada, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun tara jama'a, ga kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 1923... a'a, bari in daidaita alƙalamina, a 2023. Na ji. Amma ƙarancin fili hujja ce ta a yi tunani, ba ta a cusa mutane cikin akwati ba. A Yamai, cikin 2016, Mariam Kamara da abokan aikinta sun gina benaye shida da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji, a ɗan fili, ba su kuma yar da tsakar gida ba. A ƙasar Chile, a 2004, Alejandro Aravena ya gina wa iyalai 93 rabin gida kowanne, ya bar musu gurbin ƙarasa saura da kansu. Wannan dabara ce ta samo masa babbar lambar yabo a 2016, alhali kakanninmu da ita suka tashi. Mu kuwa ginin ƙasa ƙauyanci muke kiransa, ga Gidan Makama yana nan da sanyinsa cikin bazara, mu muna dahuwa ƙarƙashin kwano.

Abin da nake kira a kai ba shi da wuya. Duk rukunin da za a gina wa ma'aikata, a sa zaure komai ƙanƙantarsa, a bar tsakar gida, a kafa harsashin da zai ɗauki bene, a kuma tambayi matan gida kafin a ja layi ɗaya a takarda. Mu da ke cikin jami'a mu ne masu zanen gobe, kuma wata rana mu ne tsofaffin da za a rasa wa ɗaki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.