Gyara Ɗakinka, Ka Kwana Lafiya

Idan Bahaushe ya haɗu da ɗan'uwansa da safe, tambayar farko da zai yi masa ita ce, "Ina kwana?" Shi kuma ya amsa, "Lafiya lau." Kafin a tambayi aiki ko kasuwa ko iyali, sai an fara tambayar yadda mutum ya kwana. Akwai hikima a cikin wannan gaisuwa, domin wanda bai kwana lafiya ba da wuya ya wuni lafiya. Amma mu nawa ne muke faɗin gaskiya idan muka ce "lafiya lau"? Da yawa daga cikinmu muna kwana muna juyi a kan katifa, ga zafi, ga sauro, ga hasken waya. Gari na wayewa mu tashi da ciwon kai, mu tafi makaranta muna hamma.

A ganina, babban dalilin haka shi ne mun manta da aikin ɗakin kwana. Mun mayar da shi falo, mun mayar da shi ma'ajiyar kaya, wani lokaci ma a ciki ake girki. Mutane da yawa suna zaton sai mai kuɗi ne zai mallaki ɗaki mai daɗin kwana. Ni ban yarda da haka ba. Abin da ɗaki yake buƙata shi ne tsafta da iska da duhu da shiru. Yawancin waɗannan kuwa ana samun su ne ta hanyar rage abubuwan da ke cikin ɗakin.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan barci? Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare, babba kuma aƙalla awa 7. Mutumin da yake barcin awa 8 kullum, idan ya kai shekara 60, to ya yi shekara 20 ke nan yana barci. Wurin da mutum zai shafe shekara 20 a cikinsa ya cancanci kulawa. Bugu da ƙari, a lokacin barci ne jiki yake gyara kansa, ƙwaƙwalwa kuma take adana abin da aka koya da rana. Ɗalibin da ya hana idonsa barci don haddar jarrabawa yana kama da mai ɗiban ruwa da kwando.

Magabatanmu sun san wannan tun kafin zuwan fanka. A gidan Bahaushe na gargajiya kowane wuri da aikinsa. A zaure ake karɓar baƙi. A tsakar gida ake daka da hira. A madafa ake girki, a rumbu ake ajiye hatsi. Ɗaki kuwa na kwanciya ne. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin biranen Kano da Zariya da Katsina suna da bango mai kauri. Zafin rana ba ya saurin ratsa irin wannan bango, shi ya sa ɗakin yake da sanyi ko da tsakar rana. Idan bazara ta yi tsanani, sai a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma a sha iska. Yau gidajenmu na bulo da siminti ne, rufinsu na kwano. Ba za mu koma ginin ƙasa ba, amma za mu iya riƙe darasin da ke cikinsa: a bar wa ɗakin kwana aikinsa.

Matakin farko shi ne rage kaya. Muna da al'adar jere, inda ake ƙawata ɗakin amarya da gado da sif da madubi da kwanuka. Ado abu ne mai kyau, kuma ba na kushe shi. Sai dai sau da yawa ana yin jeren ne don idon 'yan kallo, a manta da wadda za ta kwana a ciki. Za ka ga an jingina sif a jikin taga, an tura akwatuna ƙarƙashin gado, an cika kowane lungu. Haka ma ɗakin samari: takalma a bakin ƙofa, tufafi a rataye a ƙusa, kwanon abincin jiya a gefen katifa. Tarkace yana tara ƙura, kuma a cikinsa kyankyasai da ɓeraye suke samun mafaka. Sauro ma yana son laɓewa a cikin tufafin da aka rataye. Saboda haka a fitar da abin da ba a amfani da shi. A share ɗaki kullum, a wanke zanen gado a kai a kai, a riƙa shanya katifa da matashin kai a rana.

Na biyu shi ne iska. Jikin mutum yakan ɗan yi sanyi idan barci ya zo, shi ya sa barci yake wuya a ɗaki mai zafi. Ɗakin da yake da taga biyu, ɗaya tana kallon ɗaya, ya fi shan iska. A sa wa tagogin raga don a iya barin su a buɗe da dare. A saki labule da rana ta ɓangaren da rana take bugawa. Wanda yake da hali ya sa silin, domin rufin kwano ba tare da silin ba yana mayar da ɗaki kamar tanda. Amma akwai gargaɗi mai muhimmanci a nan. A lokacin hunturu wasu sukan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga. Wasu kuma sukan kunna janareta a cikin gida don tsoron ɓarayi. Gawayi da janareta duka suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum a cikin barcinsa. An sha rasa iyalai gaba ɗaya ta wannan hanya a ƙasar nan. Bargo ya fi kasko, janareta kuma wurinsa waje ne, nesa da taga.

Na uku shi ne gidan sauro. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro da dare ya fi cizo, wato lokacin da muke kwance. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Duk da haka akwai gidajen da aka ba su gidan sauro mai magani suka naɗe shi suka ajiye, wai yana da zafi ko yana ɓata adon gado. Wane ado ne ya fi lafiya? Rigakafi ya fi magani. A ɗaura shi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke shi idan ya yage.

Na huɗu shi ne duhu da shiru, kuma a nan ne matasa za su fi jin haushina. Idan dare ya yi, ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari mai suna melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Haske yana jinkirta fitowarsa. Ga kuma saƙonni da hotunan bidiyo waɗanda ba sa ƙarewa. Mutum zai ce minti biyar zai yi, sai ya ji zakara ya yi cara. Shawarata ita ce a ajiye waya nesa da gado tun kafin a kwanta, a kashe talabijin da rediyo. A kuma guji shayi da kofi da goro da dare, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci.

Na san abin da wani ɗalibi zai ce: "Ni ba ni da ɗakin kaina. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya." Wani kuma a makarantar kwana yake, tare da mutum talatin. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Ba za ka iya rufe bakin mai minshari ba, ba ka kuma da iko a kan janaretan maƙwabta. Amma kana da iko a kan shimfiɗarka. Za ka iya kakkaɓe ta, ka ninke tufafinka, ka ɗaura gidan sauronka, ka kashe wayarka. Za ka iya zama da abokan kwananka ku yanke lokacin kashe fitila, ku raba kwanakin shara. Ɗakin da mutane da yawa suke kwana a ciki ma ya fi buƙatar tsari, domin rashin kular mutum ɗaya yana hana kowa barci.

Duk abin da na lissafa bai fi ƙarfin talaka ba. Tsintsiya ce da ruwa, da taga a buɗe, da gidan sauro, da haƙurin rabuwa da waya na ɗan lokaci. Ka gwada na mako ɗaya ka gani. Idan malaminka ya ce maka "Ina kwana?" ran Litinin mai zuwa, ka amsa masa "Lafiya lau" da idanu a buɗe, kuma ya kasance gaskiya ka faɗa.