Ƙaguwar Alaska da Masu Cewa Digiri Biyu Ba Kome Ba Ne

Akwai mutanen da in an yi maganar ɗumamar duniya sai su yi murmushi, su ce digiri ɗaya ko biyu ba ya kashe kowa. Irin waɗannan ya kamata su je su faɗa wa masuntan Tekun Bering a Alaska, can arewacin Amurka.

A 2018 masana sun auna ƙaguwar ƙanƙara a wannan teku, suka tarar ƙananan sun yi yawan da ba a taɓa gani ba. Masunta suka sa rai. Kafin 2021 kuwa, wajen miliyan dubu 10 sun ɓace. A watan Oktoba na 2022 hukumar Alaska ta hana kamun wannan ƙaguwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Nan take aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Wasu suka ce ƙaguwar ta yi ƙaura zuwa ruwan Rasha, wasu suka ce haɗamar masunta ce. Duk don a kauce wa zancen zafi. Amma binciken da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna yunwa ce ta kashe su. Ga yadda abin yake. Wannan ƙaguwa tana zama ne a ƙasan teku, cikin ruwan da bai kai digiri 2 ba, wanda ƙanƙarar hunturu ke bari a baya. A 2018 da 2019 teku ya yi zafi, ƙanƙara ta yi ƙaranci, wurin zamansu ya matse. Zafin bai dafa su ba. Ƙaguwa tana iya jure ruwan da ya fi haka ɗumi. Sai dai jikinta yana cin abinci da sauri in ruwa ya ɗumama, ga su kuma cunkus a wuri kaɗan. Abinci ya kasa. Manyan kifaye da sanyi ke tsarewa a dā, su ma suka shigo farauta.

To, digiri biyun ke nan da ake rainawa.

Masu murmushin ba su yi hasarar ko anini ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne mutanen tsibirin Saint Paul, 'yan ɗarurruwa kawai, gama kuɗin tafiyar da garinsu daga harajin ƙaguwa yake fitowa. Shekara biyu a jere ba kamu. Da aka sake buɗewa a 2024, abin da aka yarda a kama bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kamun 2021 ba.