Araha Ba Ta Ado: Batun Injunan Ɗaga Kaya

Kayan da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Ikko, da ƙarafan da ake sarrafawa a masana'antu, ba sa gusawa sai da injin ɗaga kaya, wanda jama'a ke kira ƙugiya. Ƙarfin ƙugiya kuwa yana ga injin lantarkin da ke juya gangar igiyarta, wato abin da makanikai ke kira moto. Saboda haka duk ma'aikacin da ya rubuta takardar sayen irin wannan moto bai ambaci komai ba sai ƙarfin doki da kuɗi, to, ya yi wa dukiyar jama'a ganganci.

Tun daga 1888, lokacin da Nikola Tesla ya sami rajistar moto mai aiki da wuta mai kai-da-komowa a Amurka, irin wannan inji ya bazu a duniya saboda ƙarkonsa. Amma aikin kowanne daban. Moton famfon ruwa yakan tashi sau ɗaya ya wuni yana gudu, alhali na ƙugiya yakan tashi da nauyi rataye, ya tsaya, ya juya baya, ya sake tashi, ba iyaka. Nau'in da aka fi amfani da shi, in an haɗa shi da wuta kai tsaye, yakan ja kamar ninki 5 zuwa 7 na wutar da yake ci yayin gudu a kowane tashi, wannan kuwa zafi ne ke taruwa a cikin koyil. Shi ya sa masu ƙira ke rubuta rabon aikinsa da hutunsa: in an ce kashi 40 cikin ɗari, ana nufin aikin minti 4 da hutun minti 6 a kowane minti 10.

Sai kuma yanayin ƙasa. Ƙa'idar da masu ƙira ke bi ta ɗauka cewa zafin wuri ba zai wuce digiri 40 ba, tudunsa kuma ba zai wuce mita 1,000 ba. To, a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura haka, Jos kuwa tudunta ya kai mita 1,200. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ƙarin digiri 10 kan zaftare kusan rabin rayuwar abin da ke rufe wayar koyil. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe hanyar iska. Bugu da ƙari, wutar Nijeriya tana kai-da-komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, don haka moton da aka ƙera wa Amurka zai rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa a nan.

Mafi muhimmanci shi ne birki, domin nan ne rai yake. Birkin ƙugiya na ƙwarai sifirin ne ke danne shi, wuta ce ke sake shi, yadda da zarar an ɗauke wuta zai kama da kansa, kayan su tsaya a sama. A ƙasar da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, sakaci da wannan sharaɗi wasa ne da rayukan leburorin da ke ƙarƙashin kaya.

Wajibi ne hukumomi su daina barin akawu shi kaɗai da takardun kwangila, su sa injiniya ya ƙayyade yawan tashi a awa, da zafin wuri, da irin birki, da kayan gyara. Haka kuma ya kamata ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Kaduna su ƙware a lissafin ƙirar moto, kada iliminsu ya tsaya ga naɗa koyil bayan ya ƙone. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.