Akuyar Kirsimeti Da Bunsurun Da Aka Kora Jeji

Kowace shekara, in watan Disamba ya ratsa, wanda ya shiga kasuwar Makarfi, ko ta Ikara, ko ta Hunkuyi a ƙasar Kudan, ya bi ta wajen 'yan awaki, zai tarar kuɗin akuya ya ɗaga. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Waɗansu 'yan kasuwa ne masu cika mota su nufi Kudu, waɗansu kuma Kiristan ƙauyukan nan ne, Hausawa 'yan uwanmu, waɗanda da yawa daga cikinsu kakanninsu Maguzawa ne, suna neman abin yankan Kirsimeti. To, yaro ba ya ganin abu ya ƙyale. In an koma makaranta sai ka ji ya ce, "Malam, su ma layya suke yi?"

Amsa iri biyu muka saba ji, kuma duk ba daidai ba ne. Wani ya ce i, layyarsu ke nan. Wani kuwa ya sassauta murya ya ce ai tsafin kakanninsu ne aka sake wa suna. Amsa ta fari kuskure ce kurum. Ta biyun ita ce ta sa muka ɗauki alkalami, gama ƙazafi ne, kuma yaron da ya ji shi daga bakin malaminsa zai girma da shi har ya zama magidanci.

Bari mu fara daga tushe, watau wurin Yahudawa, domin su ne suka riga Kirista. Abin da za mu faɗa ba a ɓoye yake ba, yana nan da Hausa tun 1932, shekarar da aka buga Littafi Mai Tsarki na Kirista dukansa da harshenmu, aikin da Likita Miller na Zariya ya fi kowa wahala a kansa. A cikin littafi na uku na Attaurar da ke hannunsu, sura ta 16, an tsara wa Bani Isra'ila wata rana guda a shekara, ran goma ga watansu na bakwai, wadda suke kira Ranar Kafara. A ran nan babban limaminsu, wanda na farinsu shi ne Haruna ɗan'uwan Annabi Musa, yakan fara yanka bijimi saboda laifin kansa da na gidansa. Sa'an nan a kawo masa bunsuru biyu daga wurin jama'a, ya jefa ƙuri'a a kansu. Wanda ƙuri'ar Ubangiji ta faɗa wa, a yanka shi, liman ya shiga da jininsa can bayan labule, wurin da ba mai shiga sai shi kaɗai, sau ɗaya a shekara, ya yayyafa. Naman kuwa ba mai ɗanɗanawa. Waje ake fita da shi a ƙone ƙurmus, har da fata.

Na biyun shi ne abin mamaki. Ba a sa masa wuƙa. Liman yakan ɗora hannuwansa biyu bisa kansa, ya lissafa laifofin jama'a duka na shekara, kamar mai ɗora wa jaki kaya, sa'an nan a ba wani mutum da aka tanada ya ja shi can cikin jeji ya sake shi, ga abin da littafin ya kira Azazel. Malamansu sun daɗe suna gardama ko wannan sunan wani dutse ne ko na wani aljanin hamada. Mutumin da ya raka shi kuma ba ya komowa cikin jama'a sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka. Littattafan malamansu na baya sun ƙara da cewa a zamanin Haikalin Baitul Muƙaddas akan ɗaura wa bunsurun jan zare, a kai shi bakin wani tsauni a tunkuɗa shi, wai don kada ya komo gari da kayan da aka ɗora masa. Wanda ya san halin akuya ba zai ga wautarsu ba, ko ina ka kai ta, da magariba tana bakin ƙofa.

Amma ga abin da ya kamata malami ya riƙe. A shekara ta 70 ta lissafin Miladiyya sojan Rum suka rushe Haikalin nan, kuma da yake shari'arsu ba ta yarda a yi hadaya a wani wuri dabam ba, sai yanka ya tsaya. Yau kusan shekara dubu biyu ke nan Yahudawa ba su kori bunsuru ba. Ranar Kafara tana nan, ita ce ma mafi girma a wurinsu, amma azumi suke yi na kimanin awa 25, da addu'a, da neman gafara wurin wanda suka cuta.

Kirista kuwa ta wata hanya suka rabu da yanka. A cikin littafinsu akwai wasiƙar da aka rubuta wa Ibraniyawa, inda a sura ta 9 da ta 10 aka kawo hujja cewa da jinin bijimai da na awaki yana kawar da zunubi, da ba a riƙa maimaita shi kowace shekara ba. A bangaskiyarsu, bunsuran nan biyu ishara ce kurum ga Annabi Isa, wanda suke kira Yesu Almasihu, suna cewa an gicciye shi ya ɗauke laifin mutane sau ɗaya, ba sauran bukatar wani jini. Musulmi bai yarda da wannan ba. Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya kore kisan da gicciyewar, kuma a wurare da dama ya nuna ba wani rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Wannan saɓani ne babba, ba mu kuwa ce a rufe shi da tabarma ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne inda maganar ta kai: mutumin da addininsa ya ce an gama hadayar jini, ba zai yiwu akuyarsa ta Disamba ta zama hadaya ba. Ko ɗan Angilika ne na ƙarƙashin bishop na Ikara, ko ɗan Katolika, ko ɗan Baptis, ba limamin da ya umurce shi da yanka, ba a duba shekarun dabbar, ba a sa lokaci, kuma in kaza ya samu ko kifi, ba abin da ya ragu daga ibadarsa. Naman biki ne, kamar na ranar ɗaurin aure.

Layya ba haka take ba, ibada ce mai sharuɗɗa. Duk wanda ya karanta Risala ya san akuya tana isarwa in ta cika shekara ta shiga ta biyu, ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba, kuma a wurin Malikawa tumaki ne gaba, sa'an nan awaki, kafin a zo ga manyan dabbobi. Duk da haka ba Musulmin da ke ɗora wa ragonsa zunubi. Suratul Hajji ta bayyana cewa ba nama ko jini ke isa ga Allah ba, tsoron Allah na mai yankan ne.

Saura batun tsafi. Gaskiya ne Maguzawan dauri suna yanka wa iskoki, kowane iska da irin dabbarsa da launinta, wani baƙar akuya, wani jan zakara, a zuba jinin a gindin itace ko bisa dutse. Amma wannan shi ne ainihin abin da mutum yake bari ran da ya shiga majami'a, kamar yadda ɗan'uwansa ya bar shi ran da ya musulunta, su biyun kuwa sau da yawa jikokin mutum ɗaya ne. In an ce na wannan tsafi ne don kakansa ya yi, ina za a sa na wancan? Kuma ai mun sha gani, Kirista da yawa a ƙauyukan nan sukan kira Musulmi ya yanka musu, don kawai in sun aika da nama gidan maƙwabci ya ci ba tare da shakka ba. Batun halaccin ci da rashinsa na malamai ne, wanda ya ga bai natsu ba yana iya mayarwa da kyakkyawar magana. Mayarwa dabam, ƙazafi dabam.

Bunsurun nan na jeji bai bar duniya ba, suna kurum ya sake. Sa'ad da William Tyndale ya juya Attaura da Turanci a 1530 ya ƙaga masa suna, har yau kuwa Turawan Ingila da sunan nan suke kiran duk wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba. Mu kuma cewa muke yi an ji haushin kaza an huce a kan dami. Akawuna sun san shi sarai: tun zamanin En'e har zuwa na ƙananan hukumomi, in kuɗi suka yi ɓatan dabo, ba safai ake fara tambayar mai babbar kujera ba, masinja ko ƙaramin akawu ake nema. Ƙasar Zazzau kuma ta ga irinsa mafi muni. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada da dukiyar mutanen da waɗansunsu ko hanyar Kafanchan ba su sani ba. Ba a kan ɗora wa mutum irin wannan kaya sai an daɗe ana faɗa wa yara cewa shi wani iri ne, yana yin waɗansu abubuwa a ɓoye.

Don haka muke roƙon malaman makarantun Ikara da Makarfi da Kudan, Musulminsu da Kiristansu, in yaro ya kawo tambayar nan a ba shi amsa sosai: Yahudawa sun yi hadayar awaki har zuwa shekara ta 70, Kirista ba su yi, Musulmi suna layya amma ba don dabba ta ɗauki laifinsu ba. In kuwa ɗan Kirista ne ya tambaya ko ragon Babbar Salla zunubi ake wankewa da jininsa, shi ma a ba shi tasa amsar a gaban ajin nan guda, kowa yana ji.