Wa Zai Ƙidaya Tsuntsayen Danja?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, na san da yawa daga cikinku za su yi dariya in na ce kallon tsuntsaye aiki ne da ya cancanci mai ilmi. A wurinmu, wanda ya tsaya bakin fadama yana duban sama, ko dai yaro ne mai danƙo, ko kuwa wanda ya rasa abin yi. To, ni ban yarda ba.

Duk wanda ya taka fadamun Danja cikin watan Satumba, sa'ad da gero ya nuna, rake ya rufe mutum, ko ya zaga bakin madatsar Mairuwa kusa da Funtuwa, zai ga lokacin canjin baƙi. Shamuwa, wadda ta zo mana da albishirin damina, ta yi ƙyanƙyasa a kan itatuwan gari, ta ƙoshi da fara da tsutsa, tana haramar komawa kudancin Afirka. Tana tashi kuwa, sai ga waɗansu ƙananan tsuntsaye sun ƙetaro Sahara daga Turai domin su yi rani a wurinmu. Manomi ya san shamuwa, amma ba ya rubutawa. Mu mun iya rubutu, amma ba mu san ta ba.

Ga abin da ya dame ni. Gauraka, wanda iyayenmu suka saba jin kukansa a fadama, yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya. Ungulu, wadda ba a raba ta da mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Guba da masu sayen kanta domin tsubbu sun ci ta. Yaushe ta fara raguwa a kasuwar Danja? Sai dai dattawa su ce "an daɗe". Wannan ba amsa ba ce ga wanda ke riƙe da digiri. Kuma ƙasar da ake feshin maganin ƙwari a kan tumatir duk rani, ai ta fi kowace buƙatar mai lura, gama tsuntsun da ya ci ƙwaron da aka fesa shi ne ke fara nuna abin da ke shiga ruwan da muke sha.

Abin kunya, aikin nan a ƙofar gidanmu ya yi jijiya. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, kuma Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana cikin jigoginta. Yawancinsu baƙi ne. Sun rubuta abin da suka gani, mu kuwa muka bar sunayen kirinjijiya da zalɓe da cilakowa a bakin tsofaffi.

Wani zai ce madubin hangen nesa da kyamara sai mai kuɗi. Da can gaskiya ne. Yau wayar da ke aljihunka tana ɗaukar hoto, tana rubuta rana da wuri. Tun 2015 cibiyar APLORI da ke Jos take tattara taswirar tsuntsayen ƙasar nan, masu iri fiye da 900. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma kowa na iya aika abin da ya gani. In an yi hutu, sai ka ɗauki kawunka manomi ku fita da sassafe, shi ya faɗi suna, kai ka ɗauki hoto, ka rubuta.