Ra'ayinmu: Jif Mai Caji da Lissafin Lita Biyu

Ya 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, a wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wata lamba guda wadda kamfanonin motoci na ƙasashen Turai suke bugawa a jikin takardun tallarsu, domin watarana takarda irin wannan za ta iso teburin ɗayanmu ana neman sa hannu. Lambar ta shafi manyan motocin nan na alfarma ƙirar jif, masu inji biyu: ɗaya na fetur, ɗaya na lantarki wanda ake cika batirinsa da waya daga bango.

Mu ɗauki misali guda, watau BMW XM, wadda kamfanin Jamus ya fito da ita a 2022. Ƙirar farko tana da injin fetur mai silinda 8, kuma idan aka gama shi da na lantarki ƙarfinsu ya haura na doki 640. Nauyinta kimanin tan 2.7 ne, fiye da ninki biyu na tsohuwar Peugeot 504 da iyayenmu suka hau. Duk da haka, bisa awon da ake yi a Turai, an rubuta cewa ba ta shan ko lita 2 a tafiyar kilomita 100. Ƙaramar motar da talaka ke lallaɓawa ma ba ta yi wannan tsimi ba. To, ina gizo yake saƙar?

Saƙar tana cikin yadda ake awon. A ɗakin gwaji ana tuƙa motar iri biyu. Da farko da cikakken batir, inda kusan ba ta taɓa fetur har cajin ya ƙare. Sa'an nan da batirin da ya ƙare, inda injin fetur ke ɗaukar nauyin duka. Daga nan sai a gauraya sakamakon biyu bisa wani zato, wanda kafin 2025 shi ne cewa mai mota zai yi tsakanin kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na tafiyarsa da lantarki. Saboda haka lambar da ke kan takarda tana dogara ne da halin mai motar: sai ya yi caji kowane dare, kuma sai tafiyarsa ta kasance gajeriya.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana buga lambobin biyu dabam-dabam, kuma a nan ne asiri ya tonu. Ga ƙirar 2023, ta ce cajin yana kai motar mil 31, watau kilomita 50, bayan nan kuma galan guda mil 14 yake yi, kusan lita 17 ke nan a kilomita 100. Mu kwatanta da hanyar da muka sani. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Bisa takardar Turai lita 4 ta isa. Bisa awon Amurka kuwa, direba zai ƙare cajinsa tun bai yi rubu'in hanya ba, ragowar kilomita 180 kuma ta lashe masa kimanin lita 30. Daga wannan wuri batirin ya zama kaya, ana jan nauyinsa da fetur.

Turawan da kansu sun gane haka. Wani bincike da cibiyar ICCT da ta Fraunhofer ta Jamus suka fitar a 2022 ya nuna cewa irin waɗannan motoci na masu zaman kansu suna shan mai kimanin ninki uku na abin da aka rubuta, na kamfanoni kuwa ninki biyar. Dalilin bai ɓuya ba: wanda ofis ke saya wa mai, mene ne zai sa ya wahalar da kansa da jan waya? A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta buga rahoto daga na'urorin da ke ƙirga mai a cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta tarar hayaƙin da masu caji ke fitarwa a kan titi ya ninka na ɗakin gwaji sau uku da rabi. Jamus ta daina ba masu sayen su tallafi daga farkon 2023, kuma daga 2025 Tarayyar Turai ta fara gyara lissafin awon.

Ba mu ce fasahar banza ce ba. Mutumin da ke da tabbatacciyar wuta a gidansa, wanda ke zuwa aiki kusa ya komo, yana iya yin makonni bai leƙa gidan mai ba. Amma fa wannan alheri ya fi fitowa a ƙaramar mota marar nauyi. Idan aka ɗora shi a kan jif mai ƙarfin doki 640, abin da aka saya gudu ne da taƙama, tsimin kuwa ado ne na takarda.

Me ya sa wannan ya dame mu? Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kalmar tsimin mai ta zama mai daɗin ji, kuma duk dillalin da ke son sayar wa gwamnati mota mai tsada ya san haka. A 2023 ɗin nan, jama'a na cikin ƙuncin tsadar sufuri, aka sayo wa 'yan Majalisar Tarayya manyan jif-jif na fetur, waɗanda jaridu suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. Abin da muke tsoro shi ne a maimaita irin wannan ciniki da masu caji, a ce mana don tattali da kare muhalli aka yi. Alhali kuwa sharaɗin tsimin nan, watau caji kowane dare, shi ne abin da ya fi wuya a ƙasar da lantarkinta ya daɗe yana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200. Wanda ya tada janareto don ya cika batirin motarsa, fetur ɗin dai ya ƙona, sai dai a bayan gida maimakon a kan titi. Motar gwamnati kuma, kamar motar kamfani a Turai, wani ne ke biyan kuɗin manta.

Muna tunawa da cewa gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, tsakanin 1976 da 1979, ta sa manyan jami'ai su hau Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna. Ko me za a ce game da wancan zamani, an fahimci cewa hanyar rage shan mai ita ce rage girman mota.

Don haka kiranmu ga duk wanda takardar sayen mota za ta ratsa hannunsa shi ne ya yi tambayoyi uku kafin ya kama alƙalami. Lita nawa take sha idan batir ya ƙare? A ina za a yi cajin, kuma da wace wuta? Akwai ƙaramar mota da za ta yi wannan aikin? Idan dillali ya kasa amsawa a rubuce, a mayar masa da takardarsa. Dukiyar jama'a amana ce, kuma mu da aka koya wa lissafi da kuɗin talakawa ba mu da uzurin cewa lamba ta ruɗe mu.